Garwashin Guga da Miyar Auta

"To da ka jefa su a tukunyar, sai ka yi yaya?"

"Sai na juya."

"Ka juya?"

"Na juya mana, Yaya. Ba miya ba ce? Na ga idan ban juya ba za ta kama."

Yaya ya ɗaga dutsen guga daga kan hannun rigar da yake gogewa, ya ɗora shi a kan guntun bulon da ke gefen tebur, ya dubi mijin ƙanwarsa ta saman tabarau. Direba yana zaune a kan benci a bakin shagon, hularsa a kan gwiwa, gajiyar hanya duk ta taru a idanunsa. Tun hantsi ya sauka daga garin da suke zaune da Auta, gari mai nisa, amma sai da aka yi gaisuwa aka sake, aka sha ruwa, aka yi zancen hanya da na zafin rana, sannan ya iya faɗin abin da ya kawo shi. Auta tana da juna biyu. Laulayi ya sa ta a gaba, duk abin da ta kai baki sai ya dawo. Abu ɗaya ranta yake so, miyar da Yaya yake yi mata tun tana ƙarama, mai kayan lambu da 'yan curin fulawa suna yawo a sama.

Gwaggo mai kayan miya, wadda teburinta yake manne da shagon, ta leƙo da kai ta tsakanin kwandon tumatir da na albasa.

"Wai ya juya! Ka ji mutumin da ya saba murɗa sitiyari. Ashe kunu ka dama wa yarinya."

"Wallahi kunu ne ya fito, Gwaggo. Ta dube shi, ta dube ni, ta mai da fuska bango. Ko faɗa ba ta yi ba. Da faɗan ta yi da na fi jin daɗi."

Gwaggo ta yi dariya har tana riƙe ƙugu. Yaya bai yi ba. Ya tsoma yatsu a kwanon ruwa, ya yayyafa wa ƙirjin rigar, ya sake ɗaukar dutsen.

Duk layin nan Yaya ake ce masa, har da waɗanda suka girme shi, domin a bakin Auta suka ji sunan, kuma ya bi shi. Lokacin da mahaifiyarsu ta rasu ta bi mahaifinsu, shi gemu bai gama fito masa ba, ita kuwa ko igiyar zanenta ba ta iya ɗaurewa. Yana yaron shago a wajen tsohon mai wanki da gugar da ya bar masa wannan teburin. 'Yan uwa suka ce a kawo ta su riƙe, ya ce to, amma ranar da aka zo ɗaukarta ta shige ƙarƙashin teburin guga ta rungume ƙafarsa, shi ma ya ƙi motsa ƙafar. A nan ƙarƙashin teburin ta girma. A nan take barcin rana a kan tsohon bargo, ɗumin dutse yana ratso katako yana sauka a kanta, a nan ta koyi karatu, tana haɗa baƙi da ƙarfi shi yana gyara mata daga sama ba tare da ya leƙa ba.

Girki kuwa bai iya komai ba a lokacin. Idan yamma ta yi, Gwaggo takan tattaro abin da rana ta bari a teburinta, gefen kabewa, karas ɗin da ya yi laushi, ganyen kabejin waje da masu saye suke ɓarewa su yar, ta tura masa a faranti ta ce, "Ungo, ka rage mini sharar gobe." Shi kuma sai ya juye ragowar garwashin dutsen guga a kasko, ya ɗora tukunya, ya yanka komai ya zuba. Wata rana ya ga ruwan ya yi tsululu, ya ce bari ya ɗaure shi da fulawa. Da ya zuba, maimakon ta narke sai ta dunƙule ta yi gudaji. Ransa ya ɓaci, ya rufe tukunyar ya koma kan aiki don kada ya gani. Da ya buɗe, gudajin sun kumbura sun taso sama suna lilo. Auta ta tafa hannu ta ce agwagi ne suke wanka. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta miƙo kwano ta ce a ƙara mata agwagi. Abin da kowace mai girki take gudu a tukunyarta, shi ya zama abincin gidansu, har Yaya ya koyi yin sa da gangan.

Mutane sun yi ta yi masa maganar aure, yana cewa sai Auta ta gama makaranta. Da ta gama, ya ce sai ya ga ɗakinta. Da Direba ya zo ya ɗauke ta, ya ce ai yanzu ya saba. Gwaggo ta ce tuzuru idan ya tsufa ya fi tsohuwar kabewa taurin kai, ya ce ya ji.

Bai taɓa taka gidan nasu ba. Da farko duk wayar da Auta ta yi sai ta ce, "Yaya, yaushe za ka zo?" Shi kuma ya ce, "Sai aiki ya ragu." Aikin guga kuwa ba ya raguwa, muddin mutane suna sa kaya. Gaskiyar maganar ita ce, bai san yadda mutum yake zama baƙo a gidan yarinyar da ya goya ba. Ya je ya zauna a ba shi ruwa a kofin baƙi, ya rasa abin da zai yi da hannuwansa? Ya fi so a kira shi don wani abu, ko da ƙofa ce ta lalace. Sai ga shi a 'yan watannin nan ta daina tambayar ma. Takan gaishe shi, ta tambayi ciwon ƙafarsa, ta ce ya gai da Gwaggo, shi ke nan. Idan ya ajiye wayar yakan daɗe yana goge wuri ɗaya.

Don haka ɗazu, da Direba ya ce Auta ba ta son komai sai miyarsa, wani abu ya yi tsalle a ƙirjin Yaya, har ya ji kunyar kansa, yarinya tana can kwance shi yana nan yana murna. A zuci har ya rufe shago, ya zaɓi rigar da zai sa. Sai Direba ya ƙarasa maganar:

"Shi ne na ce ba sai an ɗaga ka daga kan aikinka ba. Bari in zo da kaina ka koya mini."

Yaya ya ce, "Ka kyauta." Kuma ya kyauta ɗin. Ba kowane miji ne zai ajiye mota ya yi wannan doguwar tafiya don tukunyar miya ba. Amma tun daga lokacin Yaya yake jan aikin da ke gabansa, riga ɗaya ya goge wuyanta ya koma ya sake gogewa, domin ya san idan mutumin nan ya iya, to babu sauran abin da zai sa a neme shi.

Sai da la'asar ta yi sanyi ya ninke ta ƙarshe. Ya buɗe bakin dutsen, ya juye garwashin a kasko. Sun ci rabi, toka ta lulluɓe su, jan yana leƙowa ta ƙasa.

"Wannan wutar za ta dafa abu?" in ji Direba. "Bari in ƙaro gawayi."

"Bar ta haka. Ku a gida da me kuke girki?"

"Gas."

"To ka rage shi har sai ka ga kamar zai mutu. Miyar nan ba ta son a yi mata tsawa."

Direba ya nufi teburin Gwaggo ya fara zaɓen karas masu ƙyalli. Ta buge masa hannu.

"Ajiye! Waɗannan na masu saye ne. Kai suruki ne, ragowa za ka ci kamar yadda matarka ta ci ta yi ƙiba." Ta tura masa faranti da gefen kabewa, dankali biyu masu ido, karas, albasa, tumatir da suka nuna sosai, rabin kabeji da damin alayyahu da ya fara sunkuyar da kai.

Suka zauna a ƙofar shago, tire a tsakaninsu. Yaya ya ba Direba wuƙa, ya koma ya naɗe hannu. Ya ce tunda koyo ya zo yi, da hannunsa zai yi komai. Direba ya yanka kabewa manya-manya kamar zai ba doki, Yaya ya ce ya rage, loma ɗaya ta mai ciwo. Albasa ta sa shi hawaye, Gwaggo ta ce ya yi kukan da kyau, za a gaya wa Auta don ita ya yi. Aka soya albasar a ɗan mai har ta yi laushi, aka zuba tumatir, aka tsai da ruwa. Masu taurin kai su suke fara shiga, in ji Yaya, kabewa da dankali da karas. Kabeji sai sun yi rabin nuna. Alayyahu kuwa sai can ƙarshe, leƙa tukunya kawai yake yi.

Ƙamshi ya fara tashi, ya gauraya da ƙamshin kayan da aka goge. Yaya ya kau da kai. Rabonsa da wannan ƙamshin a shagon nan tun kafin bikin Auta. Ya gwada yi wa kansa sau ɗaya bayan tafiyarta, ya zauna da tukunya a gaba, ya rasa wanda zai tsince curin, washegari ya ba kajin maƙwabta.

"Yanzu fulawa," ya ce. "Zuba gishiri kaɗan, da ɗan mai. Murza da yatsu har ta yi kamar yashi."

Direba ya murza, sannan ya ɗauki kofin ruwa zai tuttula.

"A'a. Tsoma yatsunka." Yaya ya jawo kwanon yayyafinsa, ya tsoma hannu ya watsa a iska, ruwan ya sauka kamar farkon damina. "Haka. Riga idan ka jiƙa ta sharkaf dutse ba ya son ta, idan ka bar ta a bushe ba ta kwanciya. Fulawa ma haka take. Ka yayyafa, ka tattara, ka sake yayyafawa. Da ta haɗe kanta ka ƙyale ta. Kada ka matsa mata, ba taya kake ɗaurewa ba."

Hannun Direba manya ne, sun yi kanta da riƙon sitiyari, amma ya bi a hankali kamar mai taɓa jariri. Yaya yana kallo, yana neman kuskure, bai samu mai yawa ba. Mutumin ya ɗebo ƙullin da yatsu uku, ya ɗan mulmula, ya ajiye a saman miyar da take motsi a hankali, ɗaya nan ɗaya can, da tazara don su samu wurin kumbura. Ya watsa alayyahu a gefe. Ya rufe.

Suka zauna jira. Wani ya zo karɓar wandonsa, Yaya ya miƙa masa ya dawo.

"Ta rame?" ya tambaya, idonsa a kan kasko.

"Ta ɗan faɗa. Wuyanta ya fito."

"Ɗakin yana da iska? Ba ta son zafi. Tun tana ƙarama idan zafi ya yi mata yawa sai ƙuraje su feso mata a baya."

"Taga biyu ne. Akwai bishiya a bakin ɗaya."

"Wace iri?"

"Mangwaro ne, na maƙwabta, reshen ne ya shigo mana."

Yaya ya gyaɗa kai, ya ajiye bishiyar a ransa kusa da tagar. Haka ya daɗe yana gina gidan nan da guntayen zance, ƙofa daga wannan wayar, tsakar gida daga waccan.

"Ka san ita take goge mini kayan aiki," in ji Direba. "Dutsen lantarki muke da shi, mai maɓalli, yana nuna zafinsa da kansa. Amma sai ta ɗaga shi kusa da kuncinta tukuna, ta ɗan karkata kai. Na ce mene ne haka? Ta ce haka ake yi."

Yaya ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

Murfin tukunyar ya fara rawa kaɗan-kaɗan. Direba ya matsa, ya naɗe hannunsa da tsumma, ya miƙa zai ɗaga ya leƙa. Yaya ya gani. Bai gaya masa wannan ba tukuna, kuma ita ce babbar dokar. Tururi ne yake dafa curin, ba ruwa ba. Idan aka buɗe kafin lokaci suka sha iska, sai su saki, cikinsu ya yi tauri kamar dutse, kuma babu wutar da za ta gyara su. Idan ya yi shiru, Direba zai buɗe yau, ya koma gida ya buɗe gobe, ya buɗe jibi, ya rasa inda matsalar take. Daga nan sai waya ta yi ƙara a shagon nan, a ce Yaya abin ya gagara, sai ka zo.

Hannun ya kai kan murfin. Sai Yaya ya hango Auta kwance, wuya a waje, ta ɗaga kai da murna jin ƙamshi, ta gutsura ta ji tauri.

"Kada ka buɗe!"

Direba ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Har Gwaggo ta firgita ta zubar da attarugu.

"Ba a buɗewa," Yaya ya ce, muryarsa ta sauko. "Ko gobara ake yi a bayanka, ka bar murfin nan. Ka saurara da kunne. Yanzu tana ɓul-ɓul da sauri, ko? Idan sun sha ruwa sun kumbura, sautin zai yi nauyi, ya koma ƙasa. Sannan ka buɗe. Wannan ka riƙe ta fiye da duk abin da na gaya maka."

Direba ya sunkuya ya kasa kunne, irin yadda yake sauraron inji idan yana zargin wani abu. Can ya ɗago.

"Ya canja."

"Buɗe."

Tururi ya turnuƙe su. Da ya washe, ga su nan sun taso, farare, sun kumbura sun cika fuskar tukunyar, kabewa ta narke ta ba ruwan launi, koren alayyahu yana leƙowa ta tsakaninsu. Yaya ya ɗebo ɗaya a cokali, ya raba shi biyu. Cikin ya nuna har tsakiya, laushi kamar auduga. Ya hura, ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa fiye da yadda abin yake bukata. Direba ya zuba masa ido.

"Sun yi," in ji Yaya.

"Tsakani da Allah?"

"Sun yi. Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan."

Gwaggo ta miƙo kwanonta ba tare da an gayyace ta ba. Ta kurɓa ta ce gishiri bai ji ba, amma ai na malamin ma haka yake tun fil azal, gado ne.

Direba ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina da bango yana dariya.

"Alhamdu lillahi! Yau na fita kunya. Ka san da zan taho cewa ta yi ba zan iya ba? Ta ce ta san hannuna. Ta ce idan na kasa, kada in kuskura in dawo mata ni kaɗai, in sa ka a gaba mu taho tare. Har ƙaramin ɗakin ta sa na share, na shimfiɗa katifa, tana kwance tana ba ni umarni, a matsar da wannan, a buɗe taga. Na ce mata ke dai ki zuba ido, za ki sha mamaki."

Cokalin ya tsaya a hannun Yaya.

"Ta ce haka?"

"Da bakinta."

Gwaggo ta ajiye kwano, ta tafa hannu, ta riƙe haɓa.

"Oh ni! Allah ya haɗa ni da maza biyu, babu mai kai a cikinsu. Yarinya ta gaji da kira, ta aiko a ɗauko mata yayanta, kai kuma ka zo ka zauna ɗaukar darasi. Shi kuma wannan ya zage ya koya maka har da abin da ba ka tambaya ba. Kai Direba, fasinja aka aiko ka ɗauka, ba miya ba!"

Dariyar Direba ta tsaya. Ya dubi tukunyar, ya dubi Yaya, ya shafa ƙeya.

"Wallahi Yaya ban kawo haka ba. Ni gani na yi kullum kana cewa aiki. Ɗakin dai yana nan a share."

Yaya ya dubi cikin shagon. Kayan mutane a jere a kan kanta, an ninke su ɗaya bisa ɗaya, wasu a rataye a igiya. Rigunan makarantar 'ya'yan mai chemist, fararen kayan liman, labulen matar nan ta ƙarshen layi. Kowa da ranar da aka yi masa alkawari. Babu sauran wanki a kwando, sai dai abin da gobe za ta kawo.

"Ai ka riga ka iya," ya ce a hankali. "Me zan je in yi?"

"Ka zauna ka ci," in ji Gwaggo. "Ko shi ma sai an koya maka?"

Yaya ya ajiye cokalin. Ya tashi ya shimfiɗa babban zanen da yake ɗaure kaya, ya fara jera su a kai, manya a ƙasa, ƙanana a sama, yana shafa kowanne da tafin hannu kafin ya ɗora na gaba. Ya ɗaure bakin zanen, ya gwada nauyin.

"Motar da za ka bi, yaushe take tashi?"

"Da sassafe, bayan asuba."

"To ku ci kafin ta huce. Ka rage mini kaɗan a tukunyar." Ya ɗora ƙunshin a kafaɗa, ya sa takalmi. A bakin ƙofa ya tsaya. "Gwaggo, idan wani ya kawo kaya kada ki karɓa."

"In ce sai yaushe?"

"Ki ce sai an gan ni."

Ya gyara zaman ƙunshin, ya tsallake kwata, ya nufi gidan mai chemist, domin yaran nan da safe za su nemi rigunansu.